Bangon Mujallar Fim da Idon Mai Saye

Kafin mai saye ya kai hannu aljihu, bango ne yake fara yi masa magana. Masu buga mujallun finafinan Hausa sun gane haka tun da wuri, kama daga Tauraruwa wadda Sunusi Shehu Daneji ya kafa a Kano a 1998, har zuwa Fim wadda Ibrahim Sheme ya soma fitarwa daga Kaduna a watan Maris na 1999. Galibi shafukan ciki baƙi da fari ne, amma bango kan sha launi a kan takarda mai sheƙi, domin Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Idan aka dubi yadda ake baje jaridu a bakin tashar mota, a Birnin Kebbi ko Argungu, za a fahimci hikimar tsarin. Mai talla yakan jera su wata bisa wata, ta yadda saman kowacce ne kawai ke leƙowa. Saboda haka ake ɗora sunan mujalla a can sama da manyan haruffa masu launi mai ƙarfi. Ƙarƙashinsa sai fuskar ɗan wasa ko 'yar wasa guda, tana kallon mai wucewa ido cikin ido, kamar ta san shi. Daga nan sai babban kanu, sannan ƙanana a gefe, kowanne ya faɗi rabin zance ya riƙe rabi. Bangon baya kuwa sau da yawa tallar sabon fim ce sukutum.

Ga garuruwan da ke nesa da Kano, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A zamanin kaset, lokacin da Sangaya da Wasila suka yi tashe, daga Bata da Ƙofar Wambai ake sarin finafinai. Mujalla kan riga kaset isowa, matashi ya ga hoton a bango, ya je ya matsa wa mai shagon haya da tambaya, shi kuma ya sanya fim ɗin cikin sautunsa. Ke nan bango ya haifar da ciniki tun haja ba ta iso ba. Mai shirya fim yana matuƙar buƙatar wannan gaggawa, domin da zarar masu satar fasaha sun kwafe kaset, kasuwarsa ta mutu.

Talla ba laifi ba ce. Inda gizo ke saƙa shi ne idan bango ya yi alkawarin abin da babu shi a ciki. Akan ga kanu na cewa wance ta fasa ƙwai, a buɗe ciki a tarar da hira ce ta yau da kullum. Mai saye ya yi asarar kuɗinsa, wannan mai sauƙi ne. Asarar 'yar wasan ta fi girma, domin waɗanda suka karanta bango a tsaye suka wuce sun ninka waɗanda suka sayi mujallar, kuma abin da suka gani za su kai gida. A al'ummar da kalma ɗaya kan rusa maganar aure, mai tsara bango yana riƙe da mutuncin mutane a hannunsa. Haka kuma akwai abin tambaya duk lokacin da fim ɗin da aka biya kuɗin tallarsa a baya, shi ne ake yi wa sharhi a ciki.

Wasu malamai suna ganin maganin shi ne a ƙwace mujallar a ƙofar aji. Wannan ra'ayi bai yi hangen nesa ba. Takardar ta ja baya, amma dabarar tana nan. Tun daga 2020, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓi kasuwa, ɗan hoton da ke gaban bidiyo a YouTube ya gaji aikin bango: fuska a razane, da rubutu mai rabin zance. Wannan kuwa yana cikin wayar ɗalibi, ba a ƙwace shi a ƙofa.

Ɗalibin da ke koyon aikin malanta a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu yana iya mayar da tsohon bango kayan koyarwa. A ba yara su gwada kanu da labarin da ke ciki, su auna ko ya cika alkawari. Su zaƙulo inda aka yar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ko aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Yaron da ya tashi yana cewa "shina zuwa" zai ga "yana zuwa" a rubuce, sai darasin karin harshe da daidaitacciyar Hausa ya buɗe da kansa. Daga bisani a ba su labari guda, kowa ya rubuta masa kanu biyu, ɗaya na gaskiya mai jan hankali, ɗaya na ruɗi, ajin ya tantance wanne ne wanne.