Tsaftar da Ido Ba Ya Gani: Lungunan Mota da na Jirgin Ruwa

A daminar bara, kwana uku bayan wani ruwa mai ƙarfi, na ɗaga kafet ɗin motata ta gefen mai zaman banza, sai na tarar da gero ya tsiro. Ƙwayoyin sun zube ne daga wani buhu da na ɗauko wa dangi daga kasuwar Tambuwal watanni kafin nan. Ruwan da ya shayar da su kuwa ta ƙarƙashin gilashin gaba ya biyo, domin busasshen ganyen dogon yaro da ƙurar hunturu sun toshe 'yar magudanar da aka yi wa ruwan sama a wurin. Motar nan duk mako ana wanke ta, jikinta yana ƙyalli, tayoyinta baƙi ƙirin. Amma da makanike ya kankare wurin, tsatsa ta riga ta fara cin ƙarfen ƙasa.

Tun daga ranar nake ganin cewa mun ɗora tsaftar abin hawa a inda ba ta da nauyi. Muna biyan kuɗin ƙyalli, muna barin lungu da saƙo, alhali a can ne ɓarna take farawa. Ra'ayina shi ne share tsagogi da lungunan mota ko jirgin ruwa aikin bincike ne kafin ya zama aikin ado, kuma ya cancanci a ware masa lokaci da lada na kansa.

Mu fara da mota. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Shagari da Tambuwal ta nufi Jega, ko wadda ake bi zuwa Kebbe, ya san abin da motocinmu suke ɗauka. Golf ɗin da ta kwaso fasinja da safe ita ce za ta komo da buhunan gero da shinkafa da albasa, wani lokaci har da akuya a but. Kowane irin kaya yana barin saura. Hatsi yana gangarawa cikin layin ƙarfen da kujera take zamewa a kai, da ramin tayar ko-ta-kwana. Takin zamani ya fi kowa illa, domin ƙwayoyinsa suna jan danshi daga iska, kuma da zarar sun jiƙe sai su hanzarta tsatsa a duk ƙarfen da suka kwanta a kai. Ƙura kuma takan cika 'yan ƙofofin da ke gindin kowace ƙofar mota, waɗanda aka huda domin ruwa ya fita, sai ruwan ya kwanta a ciki yana cin ƙofar daga ƙasa.

Hatsin da ya maƙale yana gayyato ɓera, kuma ɓera a mota masifa biyu ce. Ta farko, yana gaigayar wayoyin lantarki. Wayar da aka feɗe wa riga tana iya kashe fitila a tsakiyar dare, ko ta haɗa tartsatsi. Ta biyu ta shafi lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, fitsari da kashin wani nau'in ɓera ne suke yaɗa shi, kuma ya fi tsananta a lokacin rani. Motar da ɓera ya yi sheƙa a cikinta ita ce gobe za ta ɗauki buhun garin da iyali za su ci. Ko bakin bel ɗin kujera, idan ɓawon gyaɗa da yashi suka cika shi, yakan ƙi kamawa yadda ya kamata, mutum ya zaci ya ɗaura alhali bai ɗaura ba.

A kan ruwa maganar ta fi nauyi. A yankin Kebbe, inda gulbin Zamfara ya ratsa, kwalekwale shi ne hanyar gona da ta kasuwa ga ƙauyuka da dama idan damina ta kankama. Jirgin katako alluna ne da aka haɗa, aka toshe tsakaninsu da auduga ko tsumma da kwalta. Ransa yana cikin waɗannan mahaɗan. Laka da ɓawon shinkafa da ƙayar kifi suna taruwa a kusurwar da allo ya haɗu da haƙarƙarin jirgi, su riƙe danshi dare da rana. Katakon da ba ya bushewa yakan ruɓe, ƙusar da ke ciki ta yi tsatsa ta saki. Mafi muni, lakar tana rufe alamar, har ma takan toshe 'yar ɓula na ɗan lokaci, mai jirgi ya ɗauka lafiya lau, sai ranar da aka yi lodi mai nauyi ruwa ya ture ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ya fi ƙadangare iya neman tsaga.

A watan Afrilun 2022, mutum 29 suka rasu a haɗarin jirgi a Gidan Magana, cikin ƙaramar hukumar Shagari da ke maƙwabtaka da Tambuwal. Ba na cewa datti ne ya nutsar da wannan jirgi. Abubuwan da aka fi ambata a irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da ƙima, da rashin rigar kariya, da tsufan jiragen. Sai dai na ukun yana da alaƙa kai tsaye da maganarmu: ta yaya mai fito zai san jirginsa ya tsufa idan bai taɓa kankare lakar da ta rufe mahaɗansa ba? Akwai kuma ruwan da ake bari a cikin jirgin da aka ɗaure a bakin gaɓa. Sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana goma ko ƙasa da haka a lokacin zafi. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna jihar Kebbi, maƙwabciyarmu, ita ce kan gaba a Nijeriya, da kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada. A irin wannan yanki, kwarfe ruwan jirgi da kife shi ya bushe yana cikin rigakafi.

Na san abin da direba zai ce, kuma yana da hujja. Wanda yake jiran layi a tasha, ga kuɗin mai, ga balas ɗin mai mota, ba zai ga dalilin ɓata awa biyu yana sakace layin kujera ba. Yaron da ke wanki kuma kuɗinsa ɗaya ne ko ya leƙa ƙarƙashin kafet ko bai leƙa ba, don haka ya fi masa riba ya watsa ruwa ya goge ya kira ta gaba. Matsalar ke nan: tsarin biyan ne yake saka wa gaggawa. Har ma akwai tsaftar da ke ɓarna, wato harba ruwa mai ƙarfi cikin mota da ƙarƙashin bonet, wanda yake shiga mahaɗan wayoyi da kwamfutar mota, ya bar kafet a jiƙe.

Amma aikin ba ya buƙatar kayan ƙasar waje. Tsohon buroshin haƙori, da siririn itace da aka naɗa wa tsumma, da iskar famfon mai faci sun isa. A fara da busasshen aiki: a cire kafet, a tura kujeru gaba da baya, a hure ƙura, a ɗaga tayar ko-ta-kwana, a zura lallausar roba cikin magudanan ƙofa da ta gilashin gaba. Sai a bi da tsumma mai ɗan danshi, a bar ƙofofi a buɗe har wurin ya bushe. A jirgi, a jawo shi kan tudu, a kankare laka, a bi kowace mahaɗa da bakin wuƙa. Inda wuƙar ta nutse cikin sauƙi, wannan allon ya gama aiki. Sau biyu a shekara ya wadatar ga babban bincike: bayan hunturu kafin ruwan farko, da bayan kaka idan an gama jigilar amfanin gona.

Abin mamaki shi ne mun daɗe da sanin wannan ƙa'ida a wani fage. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya zuba ruwa kawai ba ya cika alwala, dole sai an cuɗa, an tsettsefe tsakanin yatsun hannu. Malaman fiƙihu sun gane cewa ruwa yakan tsallake matsattsen wuri, don haka suka ambace shi da sunansa. Abin da muke yi sau biyar a rana a jikinmu, mun kasa yin sa sau biyu a shekara a abin da yake ɗauke da rayukanmu.

Gyaran yana hannun mutane uku. Mu masu motoci da ke karɓar albashi, mu riƙa neman wankin lungu a matsayin aiki daban, mu biya shi daban, mu tsaya mu gani. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Tambuwal da Kebbe suna da ikon hana mota shiga layi. Su ƙara ɗaga kafet da gwada bel cikin abin da suke dubawa. Sarakunan ruwa da hukumar NIWA kuma, kafin gulbi ya cika, su sa a jawo kowane jirgin fito kan tudu a kankare shi a gaban idon jama'a. Mai jirgin da wuƙa ta nutse a allonsa a ranar zai ji haushi, zai kuma kashe kuɗin katako da kwalta. Wannan asara ce mai iyaka, kuma a kan tudu za a yi ta.