Haddar Alamomi Ba Ta Isa Ba

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so in jawo hankalinmu ga wata al'ada da ta kama mu wajen koyar da kemistiri. Mu kan rubuta H₂ + Br₂ → 2HBr a allo, yara su kwafa, su haddace, mu ce an gama. A ganina wannan rabin aiki ne. Layin nan ya faɗi abin da aka zuba da abin da aka kwasa, amma bai faɗi hanyar da aka bi ba, balle saurin tafiyar. Kamar a ce maka fatake sun tashi daga Kano sun sauka Ikko, ba a gaya maka zango ko ɗaya ba.

To, ga labarin wannan layi. A 1906 wani masani Bajamushe, Max Bodenstein, da abokin aikinsa Lind, suka zafafa iskar haidirojin da tururin biromin, suka riƙa auna saurin haɗuwarsu. Abin da suka gani ya ɗaure musu kai. In an ninka haidirojin, sauri ya ninku. Amma biromin sai an ƙara shi har ninki huɗu kafin sauri ya ninku sau biyu. Sa'an nan kuma HBr ɗin da a ke samu, shi da kansa ya kan rage saurin aikin in ya taru.

Sai a 1919 da 1920 Christiansen da Herzfeld da Polanyi suka warware matsalar, kowa aikinsa daban. Ashe abin sarƙa ne. Zafi ya kan raba Br₂ gida biyu. Ƙwayar biromin guda ta fizge haidirojin ɗaya daga H₂, ta bar ɗayan shi kaɗai, wannan mataki kuwa shi ne mai nawa. Ƙwayar haidirojin da aka bari ba ta da haƙuri ko kaɗan. Nan da nan ta auka wa Br₂, a sami HBr da sabuwar ƙwayar biromin, sarƙa ta ci gaba. Amma in ta ci karo da HBr, sai ta ƙwace haidirojinsa ta koma H₂, watau ta rushe abin da aka riga aka gina. Dalilin raguwar saurin ke nan.

Wani zai ce, ina ruwan malamin da zai koyar da yara ƙanana da wannan zurfi? Ina da amsa. Ƙwayoyin haidirojin su ke riƙe da harshen wuta, su ke sa ta ci gaba da ci. Maganin kashe gobara da a ke kira halon yana ɗauke da biromin. In ya shiga wuta ya kan ba da HBr, shi kuma ya tsince ƙwayoyin haidirojin, wuta ta mutu. Matakin nan da ya dami Bodenstein shi ne ya ceci rayuka a jiragen sama. Daga baya aka gane biromin ɗin nan yana cin rufin ozon da ke kāre mu daga illar hasken rana. Bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu arziki suka daina yin halon a 1994, ƙasashe masu tasowa kuma a 2010. Duk wannan babu shi a layin da mu ke haddacewa.

Ban ce a kawo biromin aji ba fa, guba ne, yana ƙona fata da huhu. Abin da na ke roƙo shi ne kowane ɗalibi, kafin ya fita gwajin koyarwa, ya riƙe agogo ya auna saurin wani haɗi da hannunsa. Ɓawon ƙwai da ruwan lemun tsami sun isa. A jefa ɓawo guda a kofi ɗaya, dakakke a wani kofin, a gwada da ruwa mai ɗumi da mai sanyi, yara su duba inda kumfa ta fi saurin tashi, malam kuma ya tambaye su dalili.