A Yi Rabo Kafin a Hura Usur

Wata yamma bayan Babbar Sallah na tsaya a bayan raga ina kallon wasan ƙarshe na wata gala, wato gasar ƙwallon unguwa, a Nima cikin Akra. Ƙura ta turnuƙe, masu ganga sun jiƙe sharkaf da gumi, mai ruwan leda ta sayar da na kanta har ta koma gida ta ƙaro. Da aka tashi, wani mai neman kujera ya fito daga ƙarƙashin rumfa, ya miƙa kofi, ya ɗaga ambulan sama don masu ɗaukar hoto su gani, ya shige motarsa. Ko minti ashirin ba a yi ba sai hayaniya ta kaure a gindin wata darbejiya. Kyaftin yana cewa a raba daidai wa daida, wanda ya sayo riguna yana cewa a fara fitar masa da kuɗinsa, gola da ya kaɗe fanareti biyu yana ganin nasa kason ya fi na kowa. Can gefe kuma kocinsu, dattijon da ya koya wa rabin yaran nan tare ƙwallo tun suna 'yan shekara takwas, yana ta tattara ƙwallaye cikin buhu.

Na ce masa, "Baba, ba za ka matsa a yi da kai ba?"

Ya ce, "Ɗana, da akwai nawa a ciki, da an faɗa mini tun da safe."

Wannan magana tasa ce ta sa na tsaya na duba yadda Amurkawa ke raba kuɗi a besbol, wasan nan da ake jefo wa mutum ƙwallo ya make ta da sanda ya ruga. A Nima ba mu kallonsa, ba kuma sai mun iya shi ba kafin mu amfana da abin da suka tsara. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasarsu, kowacce tana buga wasa 162 a kaka guda. Idan Oktoba ta kama, 12 ne ke shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale har a kai ga karon ƙarshe da suke kira World Series, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ya ɗauki kofi. A wannan watan ne kuɗi ke malala, tikiti ya yi tsadar da talaka sai dai ya kalla a talabijin.

Albashin ɗan wasa na kakar yau da kullum ne. A wasannin Oktoba asusu ɗaya ake buɗe wa 'yan wasa, a zuba masa kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙofa. Amma ba na kowane wasa ba. A karon ƙarshe, kuɗin wasanni huɗun farko kawai ake lissafawa, wato waɗanda dole ne a buga su ko ta yaya. Na biyar da na shida da na bakwai, ko sisi ba ya shiga aljihun ɗan wasa. Hikimar a fili take: kada wani ya yi sakaci da gangan don a tsawaita gasa a ƙara samu. Ƙa'idar nan ta haura shekara ɗari. Wanda ya ci kofi yana ɗaukar kashi 36 na asusun, na biyu 24, sauran a raba wa waɗanda suka faɗi a hanya. A 2024, da Dodgers ta Los Angeles ta doke Yankees ta New York, asusun ya haura dala miliyan 129.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne taron da 'yan wasan kowace ƙungiya ke yi tun kafin a fara. Su rufe ƙofa, su kaɗa ƙuri'a a kan wanda zai samu cikakken kaso, wanda zai samu rabi, da wanda za a yi wa ihsani. A nan ake tuna masu horarwa, da mai matsa jiki, da mai wanke riguna. Ana yin wannan ne lokacin da ba wanda ya san ko za a ci kofi ko za a dawo hannu rabbana, lokacin da zuciya ba ta ga kuɗi ba tukuna. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san bambancin maganar da ake yi kafin a buɗe akwati da wadda ake yi bayan an buɗe.

Su ma ba a dare ɗaya suka kai nan ba. A 1918 'yan wasan Boston da na Chicago sun ƙi fitowa fili kusan awa guda kafin wasa na biyar, saboda an rage musu kaso. Shekarar da ta biyo baya abin ya fi muni: 'yan wasa takwas na White Sox ta Chicago aka zarga da haɗa baki da 'yan caca don a sayar da gasar ga Cincinnati. Kotu ta sallame su a 1921, amma alƙali Landis, wanda masu ƙungiyoyi suka ɗora a kan harkar, ya haramta musu wasan har abada. Daga 1966 kuma, da Marvin Miller ya karɓi ragamar ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, sai ya zama duk wata ƙa'idar kuɗi ana zama ne a yi cinikinta a sa hannu.

Mu kuwa mun ga namu a 2014, ido da ido. Black Stars, 'yan wasan ƙasarmu, suna gasar cin kofin duniya a Barazil, kuɗin da aka yi musu alkawari bai zo ba, har ta kai gwamnatin John Mahama ta loda tsabar kuɗi kimanin dala miliyan 3 a jirgi aka kai musu Brasilia, gidajen talabijin na can suna bin ayarin motocin da kyamara. Ranar wasa da Portugal aka kori Sulley Muntari da Kevin-Prince Boateng daga sansani, aka ci mu biyu da ɗaya, muka dawo gida. Daga baya aka kafa kwamitin Mai shari'a Dzamefe ya bincika. A kowace majalisa ta Nima da Mamobi an zagi yaran nan, ana shan shayi ana cewa son kuɗi ya yi musu yawa. Ni ban ga laifinsu kamar na waɗanda suka bar maganar kuɗi a baki har aka isa fili ba. Abin da ya faru a Brasilia shi ne na gani a gindin darbejiya, girman ambulan ne kawai ya bambanta.

Siyasa ma tana shiga besbol, ba ta san wasan da ba nata ba. George Bush ya je filin Yankees ya jefa ƙwallon buɗe wasa a Oktoban 2001, makonni bayan harin 11 ga Satumba, jama'a suka yi ta sowa. Donald Trump ya je wani wasan World Series a Washington a 2019 aka yi masa ihu. Masu ƙungiyoyi kuma sun iya lallaɓar 'yan siyasa a gina musu filaye da kuɗin haraji, kuma filin Dodgers ɗin nan da aka buɗe a 1962 yana zaune ne a kan Chavez Ravine, unguwar talakawa 'yan asalin Meziko da aka tasa. Ɗan Nima, wanda unguwarsa ke maƙwabtaka da Kanda da manyan gidajen wajen filin jirgi, ya san abin da wannan labari ke nufi. Sai dai duk da haka ɗan siyasa a can baƙo ne a wurin rabo. Zai jefa ƙwallonsa ya zauna, kason mai wanke riguna ba ya jiran ganin damarsa. A wurinmu, idan shekarar zaɓe ta zo, gala kan yawaita daga Ayawaso ta Gabas zuwa ta Arewa, riguna su zo da hoton fuska a ƙirji, bayan zaɓen 7 ga Disamba kuma fili ya koma wa ƙurarsa. Ba na cewa a ƙi kuɗinsu, yaranmu na bukatar takalma da raga. Cewa nake a karɓa da sharaɗin da mu muka rubuta.

Nima ta biya ƙwallo farashin da ba wanda ya biya. Ita ta ba Hearts of Oak Mohammed Polo. Ranar 9 ga Mayu 2001, da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa a filin wasa na Akra bayan karon Hearts da Kotoko, sama da mutum 120 suka rasu, kuma gidaje da yawa a Nima sun yi zaman makoki. Mohammed Kudus, shi ma ɗan Nima, a ƙaramar ƙungiyar Strong Tower ya fara, kafin Right to Dream, da Nordsjaelland, da Ajax, da West Ham, da Tottenham. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayen ɗan wasa don ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma da rajista ake neman wannan haƙƙi. Kocin da ya riƙe yaro shekara huɗu ba tare da kati ba, ranar da aka sayar da yaron a Turai sai dai ya ji a rediyo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da nake roƙon masu shirya gala a filin Kawo Kuɗi da sauran filayenmu bai wuce shafi ɗaya ba. A rubuta nawa mai ɗaukar nauyi ya kawo, kuma ya ajiye shi hannun amintattu, ko mai unguwa ko limami, tun kafin wasan farko. A rubuta kason zakara da na biyu, da na alƙalin wasa, da abin da za a ware wa wanda ya karye a fili. Kowace ƙungiya ta zauna da yaranta ta faɗi na koci, da na mai ɗebo ruwa, da na mai riguna. Sannan a ba mai lasifika takardar ya karanta da Hausa da Turanci, 'yan kallo na ji, masu rumfa na ji, kafin a ajiye ƙwallo a tsakiya.