Daga Zauren Gida: Kwana Biyu a Gindin Dutsen Kagoro

A wurin jana'iza maganar ta taso. Mu biyar ne muka yi ƙungiyar mawaƙa tare a Sabon Gari tun muna samari. Ran nan mun bizne ɗaya, ɗaya kuma yana kwance a gida shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Mu uku da muka rage muna tsaye a inuwa muna jiran mota, sai na Samaru ya dube mu ya ce, "Kun lura kuwa? Ba ma haɗuwa yanzu sai an yi mutuwa." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Daga Shika zuwa Sabon Gari ba tafiyar awa guda ba ce, ga shi kuwa sai da akwatin gawa ya tara mu.

Nan muka ƙulla cewa in damina ta ɗauke za mu ɗauki matanmu mu tafi wani wuri, mu yi kwana biyu, ba biki, ba ta'aziyya, ba taron ekklesiya. Aka zaɓi Kagoro domin ɗayanmu yana da tsohon aboki can da zai nema mana masauki.

Masu karatu sun san yadda ake kallon irin wannan tafiya a wurinmu. In ka ce za ka yi tafiya, tambaya ta fari ita ce, "Lafiya dai ko?" In ka ce lafiya lau, hutawa kawai za ka yi, sai a dube ka kamar wanda kuɗi suka yi wa yawa. Wani dattijo ya ce mana wannan abin Turawa ne. Ya yi gaskiya ta wani gefe, amma bai bi labarin har ƙarshe ba. Mutum uku na fari da suka zo da niyyar kawo bishara ƙasar nan a ƙarƙashin mishan da daga baya aka sani da SIM sun sauka Legas a watan Disamba na 1893. Kafin shekara ta zagayo biyu sun rasu: Walter Gowans a Girku, nan ƙasar Zazzau, Thomas Kent kuwa a Bida, dukansu cikin 1894. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Waɗanda suka biyo bayansu sun koyi darasi. Suka gina gidan hutu a Miango, can kan tudun Jos inda iska take da sanyi, suka sa hutu cikin tsarin aiki kamar yadda suka sa wa'azi da ɗakin magani. Mu da muka gāje su mun ɗauki makarantar Lahadi, da taron shekara, da kwamiti iri iri. Hutun ne kaɗai muka bari a ƙasa muka ce ba namu ba ne.

To, mu maza muka zauna muka rubuta abin da za a tafi da shi: shinkafa mudu kaza, mai, tattasai, tukwane biyu, risho. Muka kawo takardar gida muna jin mun yi abin kirki. Uwargidanmu ta karanta har ƙasa, ta ninke, ta miƙo mana. Ta ce, "Maigida, wato ku za ku hutu, mu kuwa za mu canja madafa. Allah ya kiyaye hanya."

Ba mu da amsa. Tun da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika a 2005, gidan mai bi a wannan unguwa ya zama masaukin majinyata. Daga ƙauye a zo, daga garin su uwargida a zo, wani ma sunan fasto kawai zai ambata a ƙofa. Ba ma kuka da wannan, karɓar baƙi aikinmu ne. Amma in an ce "gidan wane sun karɓi baƙi", wa ya tashi da asuba ya dama kunu? Wa ya zuba abinci a kula ya kai asibiti da rana, ya dawo ya wanke zannuwa? Sunan maigida ake ambata wajen godiya. Muka soke tukwane da risho. Aka yarda za a sayi abinci can, ko da kuɗin tafiya zai ƙaru.

Sai matan suka kawo magana ta biyu, wadda ta fi ta fari nauyi. Suka ce in ba a tafi da matar abokinmu mai ciwo ba, su ma ba za su ba. Ita ce babbarsu, Yaya suke ce mata, mu ma haka za mu kira ta a nan. Shekara biyu tana juya mijinta a gado, tana yi masa wanka, tana ba shi abinci a baki. 'Ya'yansu suna nesa wajen aiki, sai autansu da yake makaranta. Mukan je gaisuwa ran Lahadi da yamma, mu yi addu'a, mu ce mata, "Sannu da ƙoƙari, Allah zai sāka miki." Ita kuma ta kawo mana ruwa. Ba mu taɓa tunanin cewa wannan ruwan ma wani aiki ne muka ƙara mata ba.

Da aka gaya mata ta ƙi sam. Wa zai zauna da shi? Me mutane za su ce, mace ta bar mijinta a kwance ta tafi yawon dutse? Wannan ta biyun ita ce ainihin damuwarta, kuma ba ta yi kuskure ba, an faɗa ɗin. Abin da ya warware maganar shi ne abokinmu na Sabon Gari, wanda shi ya fi kowa ɗokin tafiyar. Ya ce shi ya fasa, matarsa ta bi mu, shi zai kwana biyu a ɗakin abokinsa tare da autan. Mai ciwon kuwa, da bakinsa da ba ya fita sosai, ya yi ta ƙoƙari har ya haɗa kalma biyu: "Ki tafi."

Ran Jumma'a da sassafe muka tashi mu shida, maza biyu mata huɗu. Muka bi ta Kaduna, Kachiya, Zonkwa, Kafanchan. Ba za mu ɓoye wa masu karatu ba, sai da muka yi ta tambayar mai masaukinmu halin hanya har daren tafiya, muka kuma ƙudura ba za mu yarda dare ya same mu a mota ba, zuwa da dawowa. Ƙasar ta sha wuya. A watan Maris na 2022 an kai hari a wasu unguwannin Kagoro, mutane da yawa suka rasa rayukansu, aka ƙone gidaje. Wanda zai je, ya tambayi mutanen wurin tukuna, ya kuma ji abin da suka ce.

Kana barin Kafanchan kaɗan sai dutsen ya tare maka gaba. Mu mutanen Zariya muna taƙama da Kufena, amma Kufena dutse ɗaya ne tsaye a fili. Wannan kuwa jeri ne, gefen tudun Jos na yamma, kore shar bayan damina, garin yana kwance a gindinsa kamar yaro a jikin uwarsa. Kakannin mutanen Kagoro a bisa suke zaune a zamanin hare-haren neman bayi, cikin duwatsu da koguna na dutse inda doki ba ya iya hawa. Har yanzu kowace ranar 1 ga Janairu sukan yi bikin Afan, mafarauta da masu rawa su cika gari. Sarkinsu na dā, Malam Gwamna Awan, mai bi ne, ya yi sarauta daga 1945 har rasuwarsa a 2008, shekara 63 ke nan. Nan kuma makarantar Littafi Mai Tsarki take tun 1931, wadda fastoci da masu bishara da yawa da suka yi mana hidima suka fito daga cikinta. Tun muna yara muke jin "ya yi Kagoro", sai ran nan muka ga wurin da idonmu.

Da dare aka kawo mana gwaten acca mai zafi. Sanyi ya sauko, kowa ya nemi mayafi. Muka ɗan taɓa hira, amma Yaya tun ba a kwashe kwanuka ba kanta ya fara rinjaya. Matan suka kai ta ɗaki.

Mun shirya hawan dutse da ƙarfe bakwai na safe, kafin rana ta yi zafi. Bakwai ta yi, takwas ta yi, Yaya ba ta fito ba. Abokinmu ya fara duban agogo, ya ce a ƙwanƙwasa mata. Matarsa ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta ce wanda zai tashe ta sai ya fara ɗauke kujerar nan da mai ita. Muka koma muka zauna. Muka sha shayi sau biyu, muka kalli hazo yana tashi daga kan dutse har ya watse. Sai wajen sha ɗaya da rabi ta fito, a firgice, tana tambaya ko an ba shi magani. Ta manta inda take. Daga baya ta gaya wa matan cewa tun ranar da ciwon ya same shi ba ta taɓa yin barcin awa uku a jere ba.

Saboda haka da la'asar muka hau, kuma ba mu kai ko rabi ba. Gwiwoyinmu ba na 'yan ƙungiyar mawaƙa ba ne yanzu. Wani yaro da mai masauki ya haɗa mu da shi yana ta tsalle a gaba kamar ɗan akuya, yana juyowa yana jiranmu cikin ladabi. Wata tsohuwa ɗauke da itace a kafaɗa ta wuce mu tana yi mana sannu. Muka sami wani falalen dutse muka zube. Daga nan ana hangen garin duka, rufin kwano yana walƙiya, gonaki har iyakar gani.

A nan ne Yaya ta yi magana. Ta ba mu izini mu rubuta, ta ce watakila akwai wata a wani gida. Ba ta dubi kowa ba, ta ce akwai daren da ta durƙusa ta roƙi Ubangiji ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, ko shi ko ita, ba ta damu da wanne ba. Tun daga ranar ba ta ƙara cin Jibin Ubangiji ba, wata takwas ke nan. In an zo rabawa sai ta fita kamar za ta duba gida. Tana ganin mai irin wannan addu'a ba ta cancanci ta miƙa hannu ba.

Muka yi tsit. Mu da muke rubuta shafin nan kowane wata, bakinmu ya mutu. Wata takwas muna zaune layi biyu a bayanta cikin sujada, ba mu lura ba.

Uwargidanmu ce ta matsa kusa da ita. Ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ce, "Yaya, kin tuna annabi Iliya?" Sai ta ba da labarin yadda yake cikin Littafin Sarakuna na fari, sura 19, da bakinta, kamar tana ba yara a makarantar Lahadi. Mutumin Allah ne, ya gama babban aiki a kan Dutsen Karmel, ya gaji, ya tsorata, ya gudu jeji ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya ci ya sāke kwanciya, aka sāke tashinsa ya ci. Sai bayan wannan duka, da doguwar tafiya, sa'an nan aka yi magana da shi. Ta ce, "Ke kin yi addu'ar Iliya, amma ba wanda ya kawo miki abincin Iliya. Laifin nan namu ne."

Yaya ta yi kuka mai yawa, matan suka kewaye ta. Mu maza biyu muka tashi muka ɗan matsa gefe, muna duban gari kamar akwai abin da muke nema a ciki. Abokinmu ya ce a hankali, "Malam, addu'a muke kai mata, ita kuwa barci take bukata." Muka ce masa duka biyu take bukata, amma ɗaya ya fi sauƙin kaiwa, shi ya sa muka zaɓe shi.

Da dare, maimakon hirar dā da muka yi niyya, takarda muka ɗauko, bayan wadda aka rubuta shinkafa da tukwane. Muka raba kwanaki. Kowace Talata da Jumma'a namiji ɗaya zai kwana wurin abokinmu, Yaya ta tafi ɗakin autanta ta rufe ƙofa. Ran Asabar mace ɗaya za ta yini, ita kuma ta fita, ko kasuwa, ko kitso, ko inda ta ga dama, ba mai tambaya. Muka sa sunan na Sabon Gari a Talatar fari ba tare da shawararsa ba, tun da ya riga ya koyi aikin. Zancen Jibi kuwa, ta ce ita da kanta za ta je wurin fasto, uwargidanmu ta raka ta.

Ran Lahadi muka yi sujada ta fari a wata ekklesiya kusa da masauki. Aka ce baƙi su tashi, muka tashi, muka ce daga Zariya. Aka tambayi taron da ya kawo mu. Muka ce ba taro, hutu muka zo. Mai sanarwa ya ɗan yi jim, sa'an nan ya ce, "To, Allah ya ba da hutu," jama'a suka ce amin suna dariya. Ana tashi muka kama hanya. A Kafanchan Yaya ta sa aka tsaya ta sayi acca da zuma, a Kachiya kuma citta, duka na maigidanta.

Mun iso da sauran rana. Muka tarar da su biyu a tsakar gida, an fito da mai ciwon a kujera, abin da ya daɗe bai yarda a yi ba. Allon dara yana tsakaninsu, yana tura 'ya'yan da hannun hagu. Na Sabon Gari idonsa ya yi ja, ya ce bai san dare yana da tsawo haka ba. Yaya ta ajiye kaya ta durƙusa ta gai da mijinta, ta tambaye shi yadda aka kula da shi. Ya daɗe yana haɗa maganar, muna jira. Ya nuna abokinsa da haɓa, ya ce, "Kunu... ba gishiri, ba sukari. Ruwa."