RA'AYINMU: KAFIN A SA MAKA GAƁAR ƘARFE

Jama'a, yanzu an sha jin cewa wane ya tafi Indiya an sa masa ƙugun ƙarfe, wance kuwa an canja mata gwiwa. Tun da yake mutanenmu mazauna Ikko da Badun da Anaca su ne kan haɗa kuɗin, ya kamata mu san abin da muke biya.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita shi a 1962, watau a yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a sa na ƙarfe, a kafa masa ƙoƙo na roba mai tauri a ƙugu. Ga dattijon da ciwon gaɓɓai ya hana barci, ko matashin da cutar sikila ta kashe wa kan ƙashin cinya, babu shakka aikin rahama ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna wajen kashi 58 cikin ɗari na ƙugun da aka sa suna kaiwa shekara 25, na gwiwa kuwa wajen kashi 82.

To, amma fa ba daidai take da gaɓar da aka haifi mutum da ita ba. Robar tana cinyewa, ƙarfen yana iya yin sako-sako a cikin ƙashi, na ƙugu kuma yana iya gocewa. Mafi muni shi ne ƙwayar cuta ta shiga, domin sau da yawa sai an sake yanka, an cire ƙarfen, an yi makonni ana magani, kana a sa wani. Mai shekara 30 kuwa ya sa rai da aiki na biyu, wanda ya fi wuya, saboda ƙashin ya ragu.

Kayan ma ba duka ne nagari ba. A 2010 kamfanin DePuy ya janye wani ƙugu mai suna ASR, bayan an sa wajen 93,000 a duniya, domin ƙarfe yana gogar ƙarfe, garinsa yana shiga nama da jini. Littafin rajista ya taimaka wajen tona wannan aibi. Suwidin ta buɗe na gwiwa tun 1975, Ingila ta buɗe nata a 2003.

Saboda haka shawararmu uku ce. Da farko, kafin a sayar da gona ko shanu, a je asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, ko na Inugu, ko na Dala a Kano, a ji ta bakin likita. Na biyu, a karɓi takarda mai sunan ƙarfen da lambarsa, a kuma san wanda zai duba mara lafiya in ya dawo gida. Na uku, a tambayi likita tun da wuri game da tsuguno da zaman salla, don gwiwar ƙarfe ba kasafai take lanƙwasuwa sosai ba. Matambayi ba ya ɓata.

Muna kuma kira ga Gwamnatin Tarayya da ta tilasta wa kowane asibiti ya rubuta duk ƙarfen da ya sa, da wanda aka sa wa. In wani ya zama mugu, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.