An Feɗe Waƙa, To Ina Naman?

Kwanakin baya aka miƙo mini wasu kundayen ɗalibai masu neman digirin farko domin in duba. Ban kai ga na biyar ba sai da na lura ashe tun a na farko na gama karatu. Sunan waƙa da na mawaƙi kaɗai ke sauyawa. Kowa ya share fage, ya kawo furucin gundarin jigo, ya gajarce jigo, ya warware shi, ya ƙidaya baitoci da ɗangwaye, ya ce ga amsa-amon ciki ga na waje. Daga nan sai farautar adon harshe: ga kamancen daidaito, ga na fifiko, ga mutuntarwa, ga dabbantarwa, ga kambamar zulaƙe. Sai tammat. Babu ko ɗaya da ya gaya mini dalilin da zai sa mutum ya bar abin da yake yi ya saurari waƙar.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Magabatanmu sun yi aikin da ba mu isa mu biya su ba. Kafin su, da Turanci ko da Larabci ake zancen adabin Hausa a aji. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990, Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, Abdullahi Bayero Yahya ya biyo da Jigon Nazarin Waƙa a 1997, sannan Abdulƙadir Ɗangambo ya ɗauraye mana gadon feɗe waƙa a 2007. Wuƙa suka ƙera suka ba mu. Laifin yana wuyanmu mu malamai, da muka mayar da ita takardar cikewa irin ta ofis, muna ba da maki ga wanda ya cike gurabe duka.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne wata hira da na tuna, wadda muka yi a unguwar Asata ta Inugu, inda Hausawa suka daɗe da zama. Bayan sallar isha'i zance ya faɗa kan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933. Wani dattijo, fatauci ne da bai wuce firamare ba, ya ce shi a ganinsa ruwan nan hujja ce kawai ta fita yawo. Abin da ke riƙe da littafin shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma duk inda Zurƙe ya ɓace daga labari sai hamma ta kama shi. Wannan fa shi ne nazari. Bai san ana cewa tauraro ba, bai san zubi da tsari ba, amma ya sa yatsa a kan jijiyar littafin. Ɗalibinmu kuwa zai rubuta cewa jigo shi ne neman ruwan Bagaja, tauraro Alhaji Imam, salo mai armashi, ya ci jarrabawa.

Bari mu tsaya a kan wannan armashi, domin a nan asirinmu ya tonu. Cikin ire-iren salon da ake koyarwa akwai miƙaƙƙen salo, akwai mai armashi, akwai kuma raggon salo. To, ya kai malami ɗan'uwana, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da ganin kundin da ya kira salon wani marubuci raggo? Ni dai ban taɓa cin karo da shi ba. Shin duk abin da aka rubuta da Hausa gwaninta ce? Kalmar tana nan a littafi, ana haddace ta, ana kawo ta a jarrabawa, amma an hana ta aiki. Akilu Aliyu da ɗan koyon da ya fara ɗaura baiti jiya, kalma guda ake yaba musu da ita. Wannan zalunci ne ga Akilu, kuma cuta ce ga ɗan koyo, tunda ba zai taɓa sanin inda ya gaza ba.

Haka abin yake a ma'aunin waƙa. Yaro zai yanka ɗango ƙafa-ƙafa, ya ce Mutaƙarab ne ko Ramal, ya tsaya nan, sai ka ce aikin Halilu bn Ahmad na Basra laƙaba suna ne kurum. Ba zai tambayi me ya sa mawaƙi ya zaɓi wannan kari don wa'azi, ko me kunne ke ji idan ya karya shi da gangan ba.

Za a ce ai mafari ne, sai ya san sunan abu kafin ya yi hukunci. Na yarda, a shekarar farko. Amma wanda ya shekara huɗu yana karatun Hausa ba mafari ba ne, kuma gobe shi zai shiga aji ya koyar. Saboda haka daga bana, duk ɗalibin da ya nuna mini kamance bai faɗi aikin da ya yi a baitin ba, rabin maki zai samu. Wanda kuwa ya ce baiti kaza raggo ne, ya kawo hujja, zan cika masa ko da ban yarda da shi ba.