Haƙƙin Hanya a Musulunci da Titin da Ya Ratsa Birnin Kudu

Titin da ya taso daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma, ya ratsa Birnin Kudu ya nufi Babaldu, an shimfiɗa shi ne domin matafiya. Yau gari ya rungume shi. Tirela da tankar mai suna gogayya da ɗan acaɓa, da ɗalibi, da mai kai majinyaci Cibiyar Lafiya ta Tarayya.

Ba mu manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da mota ta faɗa karyayyar gada a Radabi ta ƙaramar hukumar Gwaram, mutum 21 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa kowa alhakin kafa shinge da alamar gargaɗi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Allon gefen titi ba ya tilasta wannan. Siffar titin ce ke tilasta shi: gefen masu ƙafa, mashigar tsallakawa a ƙofar makaranta da asibiti, fitilu, da wurin fakin manyan motoci a bayan gari. Wannan nauyin hukuma ne.

Sai dai akwai rabonmu, kuma shi ne mafi ɗaci. Hadisi ingantacce ya sanya kawar da cuta daga hanya cikin rassan imani, malaman fiƙihu kuma sun ɗora biyan ɓarna a kan wanda ya ajiye abu a hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba har ya halaka wani. To ina matsayin rumfar da ta cinye gefen titi ta tura yaro tsakiyar kwalta? Ina matsayin tudun rage gudu da unguwa ke yi ba fenti ba alama? Har sahun Juma'a da ke toshe wa motar asibiti hanya, mu limamai ya kamata mu fara dubawa.

Gyara zai taɓa abincin wasu, don haka mai kayan miya da mai shayi suna da haƙƙin a zauna da su, a ba su madadin wuri kusa da ciniki kafin a ɗaga rumfa ko ɗaya.